Takunkumin da Na Zaɓa wa Kafinta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shekara ashirin da biyu ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon ƙirji, sai yau na san irin taurin kujerar da muke ba dangin majiyyaci. Maigidana ne a gado na huɗu, na jikin taga. Kafinta, yadda kowa ke kiransa, har ni in ina son tsokanarsa.

Da safe a gida na same shi zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Na tambaye shi ko zai sha shayi, ya ce a miƙo masa ƙusa mai inci uku. Nan gabana ya faɗi. Na sha jin irin wannan maganar a bakin mutane: gurɓatacciyar iska ce ta taru a jini, huhu ya gaji da fitar da ita, kai ya fara rikicewa. Auta ce ta tuƙo mu, ban san 'yar nan ta iya gudu da mota haka ba.

Likita ya ɗebi jini a wuyan hannu, ya duba takarda, ya ce a ɗora shi a na'ura, wadda ke tura iska ta takunkumin da ake ɗaurawa a fuska, ba a zura komai a maƙogwaro. Daga nan ya ja ni gefe wajen famfon wanke hannu. Ya ce, "Sista, ba sai na yi miki dogon bayani ba. In takunkumi ya karɓe shi, shi ke nan. In ya ƙi, sai bututu a maƙogwaro, sai ɗakin sama na masu tsananin ciwo. Kuma huhun da ya sha garin katako kusan shekara arba'in, in aka zura bututu ban ce miki zai fita ba." Na ce na gane. Sau biyu ke nan na rubuta sunan abin, ba zan ƙara rubuta shi a littafin nan ba.

Matron ta ce in cire farar riga, matar majiyyaci ce ni har a sallame shi. Doguwa ce za ta riƙe shi, ƙawata tun makarantar jinya. Na cire rigar, amma makullin sito yana aljihuna. Ni na je na ɗauko takunkumin da hannuna, mai rufe baki da hanci, tunda da baki yake numfashi. Doguwa ta ce, "Tsaya in ɗauko katin awo." Na ce, "Awon me? Shekara ashirin da tara ina kallon fuskar nan. Babba ne." Ta dube ni, ta dubi agogo, ta miƙo hannu ta karɓa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya dawo hayyacinsa. Ya gane ni, ya gane Auta, ya tambayi wa ya rufe shago.

Da aka cire masa takunkumin don ya kurɓi ruwa, ya kamo gefen rigata ya ce, "Na ji abin da likitanku ya faɗa jiya. Ƙirji ne ke ciwo, ba kunne ba. Kar ki bari a kai ni sama." Na ce wa ya ce za a kai ka. Ya ce, "Maman Auta." Haka kawai. Na ce to.

Iska tana zurarewa ta sama, ta gefen hanci, tana hura masa ido. Idanun sun kaɗa sun yi ja kamar wanda ya yanka albasa. Na'urar kuma sai kuka take, tana gaya wa duniya akwai yoyo.

Ni ce ke koya wa ɗalibai cewa ɗan yoyo ba laifi ba ne, na'ura tana cike gurbinsa. Cewa robar bakin takunkumi so take iska ta ɗan kumbura ta, ta kwanta a fata da kanta. Cewa in yatsa biyu ba su shiga ƙarƙashin maɗauri ba, an matse da yawa. Har kwaikwayona suke yi a bayan idona, da muryar da komai, Doguwa ta gaya min.

Talata, ƙarfe biyu da rabi na rana

Sau goma sha ɗaya na'urar ta yi kuka tun safe. Kukan na'urar wani gado ko a jikina, ina jin sa ina cin abincina. Na gado na huɗu kuwa a cikin haƙorana nake jin sa.

Doguwa ta tafi cin abinci. Na ɗan gyara masa maɗaurin sama. Kaɗan. Na'urar ta yi shiru.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Jini ya ɗan yi kyau. Likita ya ce muna tafiya.

Yoyon ya koma ƙasa, ta gefen kumatu. Na gyara maɗaurin ƙasa, na sake taɓa na sama don su daidaita. Kafinta ya bi hannuna da ido, bai ce komai ba. Ba zai iya cewa ba dai, baki a rufe.

Doguwa ta zo ta gwada sa yatsa, ta ce, "Wa ya ɗaure mana miji haka kamar buhu?" Na ce ƙila juyi ya yi. Ta sassauta, ta wuce gado na bakwai. Na'urar ta fara. Na daure minti ashirin.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ja ne kawai a karan hancinsa. Kowane karan hanci yana yin ja.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Doguwa tana hutu yau. Waɗanda ke aiki duk ni na koya musu riƙe allura, ba mai iya ce min sassauta. Sai dai su gaishe ni har ƙasa su wuce. Na'urar ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, na ji daɗi har na ci abinci.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Doguwa ta ɗaga takunkumin don ta goge masa fuska, fatar ta biyo robar.

Faɗin babban yatsa, daidai kan karan hanci, ja jawur, tsakiyarsa ya yi duhu. Bai ko motsa ba. Auta ce ta yi ƙara, ta toshe baki ta fita. Likita yana zagaye a lokacin, ya zo ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya miƙe ya ce, "Wa yake ɗaure maɗaurin nan?"

Kafin in haɗa kalma, Kafinta ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ya ce, "Ni ne, Likita." Ya ja numfashi. "Hannun kafinta. In ya ga abu na motsi, sai ya matse." Ya sake ja. "A yi haƙuri."

Likita ya ce Malam kar a ƙara. Doguwa ta je ta ɗauko katin awo, wanda na hana ta ɗaukowa ranar Litinin, ta ɗora masa daga karan hanci zuwa ƙasan leɓe. Ta juyo katin ta yadda zan gani. Matsakaici, shi ma da ƙyar. Sai ta sa yatsa a gefen kumatunsa, yatsan ya shige cikin wani rami. Ta ce, "Nan iskar ke bi." Da Likita take magana, amma ni take kallo.

Yaushe kumatun nan suka faɗa? Mutumin da nake tsokana da cewa fuskarsa ta cika madubi. Kullum yana gabana, muna cin abinci a tebur ɗaya, ina wanke masa riga. Fuskar da na ɗauko wa babban takunkumi, ta tsohon hotonsa ce da ke rataye a falo.

Yanzu ko matsakaicin ba zai zauna ba. Duk abin da zai hau karan hanci ya haramta sai ciwon ya warke, shi kuwa huhu ba zai jira fata ba.

Kunya nake ji. Na shiga banɗaki na wanke hannu sau uku.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

An ɗauko faranti. Haka muke kiran takunkumin da ke rufe fuska gaba ɗaya, daga goshi ya zagayo gefen kunnuwa zuwa haɓa, bai taɓa hanci ko kaɗan. Na sha ɗora shi a fuskokin mutane ina cewa ai ba komai, kamar leƙe ne ta taga.

Minti huɗu ya yi. Ya fizge, maɗauri ya tsinke, ya ture hannun Doguwa, mutumin da ko kaza bai taɓa turewa ba. Yana haki yana cewa, "Kun rufe ni. Kun rufe ni." An sake gwadawa bayan awa ɗaya. Minti biyu.

An bar shi da oksijin kaɗan ta hanci. Shi kaɗai ba ya fitar da gurɓatacciyar iska, ni da Doguwa mun sani, bango ma ya sani.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ya fara gyangyaɗi a tsakiyar magana.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Jini ya koma baya, kusan inda muka fara. Auta ta tare Likita a baranda da waya a hannu, ta ga hoton wata hula mai kama da kwano da ake kifa wa majiyyaci har wuya. "Likita, don Allah a sa wa Baba wannan, ai ba ta taɓa fuska." Ya yi mata bayani a hankali, Allah ya saka masa. Ya ce akwai waɗanda take yi wa amfani sosai, amma ciwon babanta na taruwar gurɓatacciyar iska ne, hular kuma ɗaki ce guda, abin da ya fitar yana iya tsayawa a ciki ya sake shaƙa. Ta ce na hanci kaɗai fa? Ya ce a kan ciwon zai zauna, kuma bakinsa a buɗe yake, abin da aka tura ta hanci ta baki zai gudu.

Sai ya juyo gare ni. "Sista, zuwa ƙarfe huɗu. In bai zauna da faranti ba, sai mu zauna mu yi wancan zancen." Na ce ya ce kar a kai shi. Ya ce, "Na sani. Shi ya sa na ce mu yi zance."

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta wannan dalla-dalla, don kar in manta yadda aka yi.

Wajen sha ɗaya ina zaune ina kallon farantin a kan tebur, sai na tuna ranar da muka sayi injin wanki. Kwana biyu ya hana a kunna shi sai da ya kwance bayansa ya ga yadda aka haɗa. Ko kujera aka ba shi a gidan mutane, sai ya girgiza ta kafin ya zauna, ni kuma in yi ta sunkuyar da kai. Jiya kuwa ta baya muka zo masa, mu biyu, muka kifa masa abu a fuska muka ɗaure a ƙeya.

Na ce wa Doguwa, "Ba shi a hannu. Cire maɗaurin, kashe na'urar, ki ba shi ya duba." Ta ce lokaci fa. Na ce, "Na san shi." Ta yi min wani kallo, na gane, ranar Litinin ma abin da na ce ke nan. Na ce, "Wannan karon halinsa nake nufi, ba fuskarsa ba." Ta yi tsaki ta cire maɗaurin.

Muka ɗaga kan gado, Auta ta goge masa fuska da ruwan sanyi har ya buɗe ido sosai. Ya karɓi farantin. Ya juya shi, ya bi bakin robar da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya ce, "Iskar ta ina take fita?" Doguwa ta nuna masa 'yan ƙananan hudojin da ke wajen gwiwar tiyo, ta ce waɗannan ba a toshe su ko da wasa, ta nan gurɓatacciyar ke ficewa. Ya ce, "In wuta ta ɗauke?" Ta nuna masa 'yar ƙofar da ke buɗewa da kanta in iska ta tsaya, ta hura ta ya gani. Ya ce, "In ina son fita?" Ta ba shi maɗaurin, ta nuna masa maɓallin gefe. Ya ɓalle, ya mayar. Ya ɓalle, ya mayar. Sau biyar, da hannu ɗaya, ido a rufe.

Ya ce, "Wanda ya yi wannan ya iya aiki."

Shi ya ɗora wa kansa. Doguwa ta kunna na'urar a ƙasa-ƙasa, tana ƙarawa a hankali. Ya riƙe da hannu biyu ba maɗauri, minti goma sha biyar, har hannayen suka gaji. Na miƙe zan taimaka, Doguwa ta ce, "Ke zauna a kan hannayenki." Na zauna a kansu, da gaske. Ita ta ɗaura, ta kama yatsunsa biyu ta zura a ƙarƙashin maɗaurin don ya ji da kansa.

Ya yi min alama in matso da kujera ƙarshen gado, inda zai riƙa ganina ta gilashin. Na matsa. Na'urar ta yi kuka sau biyu, ban tashi ba. Can ya nuna wani abu a bayana yana magana, muryar tana fitowa kamar daga cikin tulu. Na sunkuya. Wai wane ne ya rataya ƙofar kabad ɗin magani, ai a karkace take. Shekara goma sha ina buɗe kabad ɗin nan ban taɓa lura ba. Awa uku ya yi yana harararta.

Ƙarfe huɗu aka ɗebi jini. Likita ya karanta a tsaye, ya ce ba yabo sosai, amma ya juya. Ya ce a bar zancen tukuna.

Auta ta yi kuka a kafaɗar Doguwa. Ni ban yi ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban taɓa maɗauri ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban taɓa maɗauri ba. Na'urar ta yi kuka sau tara.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na samu Doguwa ita kaɗai a ɗakin shan shayi tana cike takardar da ake cikewa in majiyyaci ya ji ciwo a hannunmu. Ta kai layin da ake rubuta dalili, ta tsaya, biro a baki.

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "Allah? Kin ba ni mamaki." Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na ce kar ki yi min haka. Ta ajiye biron. Ta ce, "Tun Laraba na sani. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofi ne zai kai hannu ƙeya ya ja maɗauri huɗu daidai wa daida? Amma ni ma da nawa. Majiyyacina ne, na bari kin hana ni awo don kar in ɓata miki rai a ranar da ranki ya riga ya ɓaci. Da wata ce ta ce min babba ne, da na ce ta matsa." Na ce rubuta yadda aka yi. Ta ce da sunanki? Na ce da sunana. Ta ce to da nata ma. Ta tura min shayinta, ya huce, na shanye.

Na gaya wa Likita da kaina, na kai wa Matron makullin sito. Matron ta ce za mu yi magana in an sallame shi. Na san irin maganar, ni ma na sha yi wa wasu.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya wa Kafinta lokacin da aka cire faranti don ya ci abinci. Ya ajiye cokali. Ya ce, "Haba, Maman Auta. Ƙarya ɗaya tak na yi a gaban likita, ita ma kin rushe min." Na ce ai ba ta da ƙafa, ko yaro ba zai yarda ba. Ya ce, "Likita ya yarda." Na ce kawaici ya yi maka.

Na tambaye shi yana jin zafi lokacin da nake ja. Ya ce eh. Na ce me ya hana ka ture hannuna yadda ka ture na Doguwa? Ya ce, "Duk sanda kika ja, abin ya yi shiru, sai in ga kafaɗunki sun sauka."

Na ce ya ci abincinsa kafin ya huce.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe tara na safe

Zazzaɓi. An canja magani. An mayar da shi faranti kusan yini guda, bayan mun fara samun awa uku-uku a waje.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zazzaɓi. Ban taɓa maɗauri ba.

Faranti yana da nasa halin. Yana busar da ido, gilashin yana yin hazo, in zai yi tari sai an ɓalle da sauri. Shi yake ɓallewa da kansa, ya tofar, ya mayar. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Goshi ya fara nuna alamar ja, Doguwa ta sa a riƙa ɗagawa duk bayan awa biyu a duba, a shafa mai, a bar fatar ta sha iska. Ta rubuta a allon kan gado da manyan haruffa, ta ja layi biyu a ƙasa. Na san wa ta rubuta wa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Hoton ƙirji ya fito. Likita ya ce in zauna. Na zauna. Abin da ya rage na huhun kaɗan ne.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta tambaye ni me hoton ya ce. Na ce ya ce babanki ba zai koma shago ba. Ta ce shi ke nan? Na ce ki je ki sayo masa ruwa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Zazzaɓi ya sauka tun jiya. Jini ya yi kyau sau biyu a jere, har Likita ya yi murmushi, ashe yana da wushirya.

Tunda haki ya ragu kuma ya fara rufe baki, Doguwa ta kawo wani ɗan ƙaramin abu, 'yan robobi biyu masu zama a ƙofar hanci, ba ruwansu da ciwon. Da rana wannan, in zai yi barci faranti, don kowane wuri a fuskar ya samu hutu. Girma uku ta kawo a leda. Ta miƙo min ta ce, "Babbar Sista, wanne?" Na ce ban sani ba, a gwada. Ta ce a rubuta ranar yau.

Ƙaramin ne ya zauna. In ya buɗe baki iska ta fito fuu, sai ya yi dariya, dariyar ta jawo tari. An ɗaura masa wani ƙyalle a haɓa don bakin ya zauna. Auta ta ce ya yi kama da mai ciwon haƙori, ta ɗauke shi hoto, ya ce in ta tura wa wani sai ya cire ta daga gado.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ya sa an kira masu gyara, ya zauna a kujera da tiyo a hanci yana ba da umarni har aka daidaita ƙofar kabad. Ya ce wa mutumin ƙusar sama ce ta yi gajarta. Ita ce kuwa.

Ciwon hanci ya fara kamewa daga gefe. Zai bar tabo.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Gobe. Da na'ura 'yar ƙarama ta gida, da takunkumi iri biyu. Likita ya ce, "Malam, ka tsallake ɗakin sama." Ya ce, "Dama ba na son bene."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Muna gida. Yana barci a falo, na'urar tana huci a gefensa. Ina so in rubuta abin da ya faru da safe kafin Auta ta dawo daga kanti.

Na je gida da wuri in ɗauko masa kayan da zai sa. Na ciro riga, na ciro wandon da ke rataye a bayan ƙofa, bel ɗinsa yana jiki. Na zare shi zan naɗe, sai na ji yatsana yana ta bin huda ba ta ƙarewa. Na kai shi taga. Hudojin kamfani biyar ne. Bayansu akwai wasu huɗu, a jere, tazararsu daidai kamar da ma'auni aka yi, an goge bakinsu har da ɗan mai don kar su yi fari. Ya yanke wutsiyar bel ɗin, ya zagaye bakin yadda yake a da. Ta farko ta tsufa ta yi baƙi. Ta ƙarshe sabuwa ce fil.

Na zauna a bakin gado ban san iya lokacin ba.

A asibiti na ja labule, na taya shi sa wando. Da na ɗauko bel ɗin ya miƙo hannu zai karɓa, na ƙi ba shi. Na zura masa da kaina, na ja, na wuce hudojin kamfani, na wuce ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗun ma da saura.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya kalli taga. Ya ce, "Ta farko, bara warhaka."

"Kana kwana da ma'aikaciyar jinyar ƙirji a ɗaki ɗaya, ka zauna kana huda bel a ɓoye?"

"Ba a ɓoye ba. A shago."

"Kar ka yi min wasa. Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya tara numfashi. Ya ce, "Kina dawowa da numfashin mutum ashirin a kanki. Ki ajiye jaka, ki zauna ki yi shiru. Sai in ce nawa ya jira gobe."

Doguwa ta leƙo ta labule da keken tura majiyyaci, ta ga fuskata, ta saki labulen ta koma.

Na durƙusa na sa masa takalmi, don kar ya ga idona. Ya ɗora hannu a kaina ya bar shi a nan. Da na gama na ce ya ɗaga hannu in sa masa riga, ya ɗaga.